Yadda Ake Horar da Malaman da Za Su Koya wa Makafi Waya da Kwamfuta

Na taɓa zama a bayan wani aji ina sauraron wani matashi yana koya wa wani dattijo aika saƙo a waya. Dattijon tsohon ma'aikaci ne, hawan jinin ido ya tafi da ganinsa bayan ya yi ritaya. Matashin kuwa gwani ne, babu lungun wayar da bai sani ba. Amma duk sanda yatsan dattijon ya ɓata hanya sai ya miƙa hannu ya ce, "Baba, kawo in gyara maka," ya taɓa nan ya taɓa can, ya mayar masa. Sau bakwai na ƙirga. Da aka tashi saƙo ya tafi, Baba kuma ya koma gida yadda ya zo. A bakin ƙofa na ji yana ce wa jikan da ya yi masa jagora, "Yaron nan ya iya, Allah Ya yi masa albarka." Gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba ya biya kuɗin mota don shi ma ya iya, bai kuwa samu ba.

Laifin ba na yaron ba ne, na waɗanda suka horar da shi ne. Sun koya masa na'ura, ba su koya masa koyarwa ba. In kana shirin horar da irin waɗannan malamai, a makaranta ko a ƙungiya ko a wata cibiya, ma'auninka ɗaya ne: abin da ɗalibin malamin zai iya yi a ɗakinsa, shi kaɗai, ba mai ido a kusa. Duk matakan da ke tafe wannan suke bi.

Mataki na farko: wa za ka ɗauka

Fara neman makafin da suka riga suka saba da waya ko kwamfuta. Ba alfarma za ka yi musu ba, su ne suka fi sanin hanyar, domin kullum a kanta suke. Manhajar NVDA, wadda ke karanta allon kwamfuta da murya, makafi biyu ne 'yan Ostireliya suka gina ta, Michael Curran da James Teh, tun daga 2006. JAWS kuma, wata manhaja irinta wadda ta riga ta fitowa, aikin Ted Henter ce, wanda ya rasa ganinsa a haɗarin mota. Ɗalibin da ya makance jiya-jiya, ya ji cewa malaminsa ma ba ya gani amma ga shi yana rubuta wasiƙa, ya riga ya sami rabin darasin kafin a buɗe waya.

Inda za ka same su ba ɓoyayye ba ne: rassan Ƙungiyar Makafi ta Najeriya a jihohi, sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo, tsofaffin ɗaliban makarantar Tudun Maliki a Kano, da na makarantar makafi ta Gindiri wadda aka kafa tun 1953. Masu gani ma a ɗauke su, musamman malaman makarantun da ke da yara makafi, amma da sharaɗin da zan faɗa a mataki na biyu.

Kada ka cika ajin da maza. Wannan aiki ne na zama kusa-kusa, wani lokaci har da kama hannu, kuma a ƙasar nan akwai gidajen da ba za su taɓa barin 'yarsu ko matarsu ta zauna haka da namiji ba. In babu malamai mata, to matan da suka makance za su ci gaba da zama a ɗaka, kana tsammanin babu su.

Gwajin da nake yi wajen tantancewa ba ya buƙatar na'ura. Nakan ce wa mutum ya kwatanta mini yadda ake haɗa shayi, daga hura wuta har zubawa a kofi, hannunsa a bayansa, ba tare da ya ce "nan" ko "can" ko "kamar haka" ba. Wanda ya iya wannan zai iya koyarwa. Adadi kuwa, kada su wuce shida zuwa takwas ga mai horarwa ɗaya, domin kowace na'ura magana take yi, in suka yi yawa ajin ya zama kasuwa.

Mataki na biyu: a kashe allo

Sharaɗin masu gani shi ne makonni biyu na farko ba allo. In kwamfutar tebur ce a kashe sikirin ɗin gaba ɗaya. In waya ce, TalkBack, mai karanta allon wayar Android da murya, yana da wurin ɓoye allo a cikin jerin zaɓinsa, a iPhone kuma taɓa allo sau uku da yatsu uku yana rufe shi idan VoiceOver, mai karanta allon iPhone, na aiki. Sannan a ba su ayyukan yau da kullum: kiran waya, saƙon murya a WhatsApp, sayen katin waya, neman labari a shafin BBC Hausa, rubuta wasiƙar neman aiki. Mun saba cewa gani ya kori ji. A wannan ajin, ji ne ke korar gani, kuma malamin da bai taɓa ɓata a cikin wayarsa yana lalube da kunne ba, ba zai gane inda ɗalibinsa ya maƙale ba.

Ka faɗa musu a fili cewa wannan ba ɗanɗana makanta ba ne. Wanda ya san zai kunna allonsa da yamma bai san halin wanda ba zai sake gani ba. Kunne ake horarwa, shi ke nan. Su ma makafin da ke ajin akwai nasu gyaran: da yawa sun saba da murya mai gudu ƙwarai da gajerun hanyoyin da suka haddace, har sun manta yadda farko yake. A sa su rage gudun muryar, su bi doguwar hanya, su riƙa faɗin kowane motsi da baki.

Mataki na uku: abin da dole ya zauna a hannunsa

A fara da waya, kuma da irin wayar da mutane ke riƙe da ita, Tecno da Infinix da itel. Wanda ya koyi komai a kan iPhone kawai zai sha kunya ranar da aka miƙo masa ƙaramar waya mai nauyin jiki. Wasu ƙananan wayoyin ma sai an sauko da TalkBack daga Play Store, don haka malami ya iya wannan tun da wuri.

Babban abin da ke rikita sabon ɗalibi shi ne, da an kunna TalkBack, taɓawa ɗaya ta daina buɗe komai, sunan abin kawai take faɗa. Sai an taɓa sau biyu da sauri, a ko'ina a kan allon, sannan ya buɗe. Shafawa dama da yatsa ɗaya tana kai ka abu na gaba, shafawa hagu ta dawo da kai baya, yatsu biyu su ja shafi sama ko ƙasa. Ƙasa sannan hagu, ba tare da ɗaga yatsa ba, shi ne komawa baya. Sama sannan hagu shi ne komawa allon farko. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke ba dattawa wahala. Nakan sa malami ya zana su a kan tebur da yatsan ɗalibin kafin a taɓa waya, har hannu ya riƙe su.

Akwai abu guda da ake yawan mantawa, shi ne gajeriyar hanyar kunna TalkBack da kashe shi, wato danne maɓallan ƙara murya da rage ta tare na kusan daƙiƙa uku. A gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ɗa zai ara ya kira abokinsa, muryar ta dame shi, ya kashe ta, ya ajiye. In mai wayar bai iya dawo da ita da kansa ba, wayar ta zama dutse a hannunsa har sai wani ya ga dama. Wannan darasin ranar farko ne, kuma a koya wa mutum ɗaya daga cikin iyalin gidan.

A kwamfuta kuwa, kibod ne farko kafin komai. A ɗora yatsun nuni a kan F da J, inda ake jin ɗan tudu, a gina sauran daga nan. NVDA tana da yanayin taimako: a danna maɓallin Insert tare da 1, duk maɓallin da aka taɓa za ta faɗi sunansa ba tare da ya aikata komai ba, ɗalibi ya yi ta yawo a kibod babu tsoron ɓata wani abu. Bayan wannan sai Ctrl, mai sa murya ta yi shiru. Mutum yana samun natsuwa sosai ranar da ya gane zai iya tsayar da wannan surutun duk sanda ya so. Daga nan Ctrl da Alt da N don tayar da manhajar, Insert da T don jin sunan tagar da ake ciki, Insert da F12 don jin lokaci, Insert da N don buɗe jerin zaɓinta.

Inda malamai da yawa ke tuntuɓe shi ne intanet. A shafin intanet, haruffa kan zama dawakan tafiya: H ta kai ka kanun gaba, K ta kai ka mahaɗi, B maɓalli, E gurbin rubutu. Amma da ka shiga gurbin rubutu, H ta koma harafin H. NVDA na sauya yanayi tsakanin karatu da rubutu, tana yin ɗan sauti daban ga kowanne, kuma Insert da maɓallin tazara ne ke sauya su da hannu. Ka ba wannan kwana biyu cur. Mafi yawan kiran da ɗalibai ke yi suna cewa "Malam, kwamfutar ta ƙi," daga nan yake fitowa.

Dalilin da ya sa nake gina horon a kan NVDA shi ne kyauta ce, kuma ana iya ɗora ta a filasha a tafi da ita kowace kwamfuta. JAWS ta kuɗi ce, kuma wadda ba a saya ba minti 40 take aiki sai an sake kunna kwamfutar. Malami ya san ta, domin wasu ofisoshi ita suke da ita, ya kuma san Narrator da ke cikin Windows, wadda Ctrl da maɓallin Windows da Enter ke tayarwa, don ranar da komai ya ƙi. Kwafin sata kuwa kada a koya wa kowa, domin da shi ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shigowa.

Sai maganar harshenmu, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Muryar Turanci da ke zuwa da na'ura tana karanta Hausa da lafazin Turanci, haruffa masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ, sau da yawa ta tsallake su ko ta kwaɓa su. Kada malami ya ɓoye wa ɗalibi wannan. Ya gwada masa muryoyin wasu harsunan da wasulansu suka yi kusa da namu, irin su Suwahili da ke cikin muryar eSpeak ta NVDA, ɗalibin ya zaɓi wadda kunnensa ya fi ɗauka. NVDA kuma tana da ƙamus na furuci inda za a gyara yadda take faɗin sunaye. Aikin gida mai kyau ga masu ɗaukar horo shi ne kowa ya gyara sunaye ashirin na mutanen gidansu da unguwarsu.

Rubutun makafi na Braille ma kada a jefar da shi. Murya ba ta nuna wa yaro yadda ake harhaɗa kalma, ɗigon nan shida su ke yi. TalkBack na da kibod na Braille a kan allo, kuma wanda ya taso da na'urar Perkins, ta buga rubutun Braille, yakan fi sauri da shi.

Mataki na huɗu: masu raunin gani ba makafi ba ne

Da yawa daga waɗanda za su zo suna da sauran gani, kuma ba iri ɗaya ba. Kafin a koya wa kowa komai, malami ya tambaya ko likitan ido ya duba shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta fi kowace cuta haddasa hakan, sai hawan jinin ido. Yanar ido ana cire ta da tiyata. Zalunci ne a zaunar da tsohuwa wata uku ana koya mata shafa waya alhali Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano za su iya dawo mata da ganinta.

Ga wanda likita ya gama nasa, sai a gwada, kada a yi zato. Maɓallin Windows da alamar tarawa na buɗe madubin ƙara girma, Windows da Esc su rufe shi. Akwai juya launi ya koma farin rubutu a kan baƙi, akwai ƙara girman harafi a waya. Amma ƙara girma ba maganin kowa ba ne. Mai hawan jinin ido da yake gani kamar ta cikin bututu, in ka ƙara masa girma sai ya ga harafi biyu kacal a lokaci guda, ka ƙara masa wahala. Zabiya kuma haske ne ke damunsa, don haka a rage hasken allo, a juya masa baya ga taga. Malami ya riƙa tambaya: haka ya fi, ko na ɗazu? In bayan minti goma ido ya fara ruwa ko kai ya fara ciwo, lokacin gabatar da murya ya yi, a hankali, don dogon karatu kawai. Da yawa suna gudun muryar domin a wurinsu amincewa ce da makanta. Ba a tilasta wa mutum wannan.

Mataki na biyar: koyar da koyarwar kanta

Nan ne zuciyar horon, kuma rabin lokacin nan ya kamata ya tafi. Doka ta farko: na'urar ɗalibi ba ta barin hannun ɗalibi. Nakan sa masu ɗaukar horo su koyar da juna hannayensu a aljihu, duk wanda ya miƙa hannu a sake daga farko. In ɗalibi ya ɓata, malami ya tambaye shi, "Me ta ce maka yanzu?" In bai ji ba, a nuna masa yadda zai sa ta maimaita. Sannan malami ya yi shiru ya ƙirga goma a ransa. Wannan shirun shi ya fi komai wuya ga gwani, amma a cikinsa ne ɗalibi ke gano hanya da kansa, abin da ya gano kuwa ba ya mantawa.

Kama hannu sai da izini, kowane lokaci: "Hajiya, in taɓa hannunki in nuna miki?" Ya fi kyau ma malami ya sa nasa hannun a ƙasa, ɗalibin ya ɗora nasa a sama ya ji motsin, ya janye sanda ya so. Malami ya faɗi sunansa in ya shigo, ya sanar in zai fita, kada a bar mutum yana magana da kujera. Kuma da ɗalibin ake magana, ba da ɗan jagoransa ba.

Zaman farko hira ce. Me kake so ka yi da kanka wanda yanzu sai an yi maka? Wani zai ce sauraron tafsiri, wata ta ce kiran ɗanta da ke Legas ba tare da kowa ya ji ba, ɗan kasuwa ya ce sanin ko kuɗi sun shigo, ɗalibin sakandare ya ce jarrabawar JAMB. Daga amsar ake tsara darasi, kuma a ranar farko ya tafi gida da abu ɗaya da ya yi da hannunsa. Zama kada ya wuce awa ɗaya, sauraron muryar na'ura na gajiyar da kai fiye da yadda mai gani ke zato. A ƙarshe malami ya ɗauki taƙaitaccen bayanin darasin da murya, da Hausa, a wayar ɗalibin.

Ka shirya su kuma ga ranar da wani zai ajiye waya ya fashe da kuka. Wanda ya makance da girmansa yana cikin juyayi. Ranar nan babu darasi, zama ne da sauraro.

Mataki na shida: amana

Malamin nan zai ji saƙonnin mutane da abin da ke asusunsu. Kada ya taɓa karɓar lambar sirri ta kowa, ko da an miƙa masa da hannu biyu. Ya koya wa ɗalibi sa abin saurare a kunne da ɓoye allo kafin ya buɗe banki, domin waya mai magana a cikin a-daidaita-sahu tana sanar da kowa. Lambobin banki da ake bugawa da tauraro suna yankewa in an yi jinkiri, don haka a yi ta atisaye da duba ragowar katin waya kafin a taɓa kuɗi. Manhajoji irin su Be My Eyes, wadda ta fito a 2015 tana haɗa makaho da mai gani ta kyamara, da Seeing AI da Lookout masu karanta takarda, suna da amfani ƙwarai, amma a gargaɗi ɗalibi kada ya nuna wa baƙo katin banki.

Mataki na bakwai: gwaji da abin da ke biyo baya

Kada ka ba da shaida a kan jarrabawar takarda. Kawo ɗalibi na gaske, ka zauna a baya, ka ƙirga sau nawa malamin ya miƙa hannu, sau nawa ya ce "nan". Sannan ka ba shi na'urar da ka ɓata da gangan: murya a kashe, harshe a sauye, gudun magana a ƙure. Ya gyara ba allo. A yi wani zaman kuma babu wuta babu data, domin haka yawancin ranakunsa za su kasance.

Manhajoji na sauyawa, maɓallin da ke magana yau gobe ya yi shiru bayan sabuntawa. Ka buɗe musu zauren WhatsApp na saƙon murya inda za su riƙa sanar da juna. Ka kuma sa albashinsu a kasafi tun farko. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba ka madogara in za ka nemi tallafin gwamnati, kuma na ga malamai makafi ƙwararru sun bar aikin saboda kuɗin motarsu da na ɗan jagora ya fi abin da ake ba su.

Bayan wata uku, ka ɗauki sunayen ɗalibai biyu na kowane malami ka je gidajensu, ba tare da malamin ba. Ku gaisa, ka nemi 'yan gidan su ɗan ba ku wuri, sannan ka faɗa wa ɗalibin lambarka ka ce ya adana ta a wayarsa ya kira ka.